Da Sauƙi Sau Shida

Da sunan Allah da ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Yau kwana goma sha biyu da fitata takaba. Tun ina ciki na yi wa kaina alkawarin duk ranar da na fita zan sayi littafi da bik in rubuta yadda aka yi mijina ya mutu. Sunana Barira, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi a Madarunfa. Bokon da na yi na yaƙi da jahilci ne, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Duk unguwarmu an san ni da baki. Mai awon gyaɗa bai isa ya danne mini tiya ba, kuma ba a yi macen da za ta faɗa mini magana in kai ta gida in kwana da ita ba. Amma wuri ɗaya tak da bakin nan zai yi mini rana, can ya mutu murus. Abin da zan ba da labari ke nan, domin in kunne ya ji jiki ya tsira.

Ba zan kama sunan mijina ba, ban kama ba yana da rai balle yanzu. Malam nake ce masa. Amalanken jaki yake ja, ya ɗauko kaya daga tasha zuwa kasuwa, da bazara kuma ya kai wa mutane taki gona. Mutum ne marar magana. Idan ƙaya ta soke shi sai dai in ga jini a takalmi. Shekara uku yana fama da hawan jini, wanda mu a nan muke ce wa tansiyo: ciwon kai ta ƙeya, jiri idan ya sunkuya, wani lokaci duhu-duhu a ido. Ƙwayarsa jika biyu da rabi ce a farmasi duk wata, wato sefa dubu biyu da ɗari biyar. Watan da aka samu a saya, watan da ba a samu ba a yi addu'a. Shi dai abin da yake tsoro ɗaya ne. Tansiyo ne ya shanye wa mahaifinsa ɓarin jiki, tsohon ya shekara biyu a kwance ana juya shi. Ni na yi jinyarsa, na san abin da mu biyun muke gudu.

Bayan an gama girbin gero sai aka yi shela cewa wasu ƴan proje, wato ma'aikatan wani shiri na baƙi, sun kama wani gida mai shuɗiyar ƙofa a kan hanyar Maraɗi, suna auna tansiyo kyauta. Ni na matsa wa Malam ya je. Na raka shi ma, don na san in shi kaɗai ne zai kai ƙofa ya juyo.

Zan faɗi gaskiya, domin ni kaɗai zan kwanta a kabarina: ba su ɓoye mana ba. Akwai likita mace, baƙuwa ce, ba ta jin Hausa ko ta sannu, kowa Madam yake ce mata. Akwai kuma tafintanta, Lawali, ɗan unguwarmu ne, a gabanmu aka yi sunansa, yanzu ya zama magidanci mai riga fara da wata babbar waya mai faɗin faranti da yake dangwalawa da yatsa. Shi ya karanta mana takarda. Ya ce wani kamfanin haɗa magani a wata ƙasa ya fito da sabuwar ƙwayar tansiyo, ya ɗauki wani kamfani aikin gwada ta a jikin mutane, su kuma aikinsu su bi mai sha mako-mako su rubuta abin da ta yi masa. Ya karanta cewa duk abin da mutum ya ji a jikinsa ya faɗa, kuma duk ranar da ya ga dama ya fita. Ya karanta layin nan da sauri kamar mai gudun ruwan sama, amma ya karanta. Malam ya dangwala yatsa. Aka ɗebi jininsa, aka ce ya ajiye tsohuwar ƙwayarsa, aka ba shi kati da farin kwali wanda babu suna a jikinsa sai lamba. Aka ce duk Talata ya dawo, kuma duk zuwa akwai jika ɗaya ta kuɗin hanya. Na yi godiya har da durƙusawa.

Mako biyun farko, wallahi magani ya yi aiki. Ciwon kai ya tafi, Malam ya ɗora buhu a amalanke ba tare da ya dafa bango ba. Ranar Talata muka zauna a benci tare da mutanen Safo da na Gabi, aka hau da shi kan sikeli, aka ɗaure masa hannu aka auna, sannan aka shiga da mu ɗakin Madam. Lawali ya rusuna kaɗan.

"Baba, ina kwana? Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Lawali ya juya wajen Madam ya ce, "Sa ba miye." Ya dangwala wayarsa. Madam ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Na tambaye shi a waje ma'anar abin da ya faɗa, ya ce ai shi ne da sauƙi a Faransanci, wato jiki ya fi na da. Na riƙe kalmomin nan uku don sun yi mini daɗi a baki. Har wasa nake yi wa Malam da su idan na miƙa masa fura.

A mako na uku ya fara barin tuwo. Mutumin da ke tashi da malmala uku ya koma ya gutsuri ɗaya ya ture kwano. Sai ƙamshin mai ya fara tayar masa da zuciya. Ranar da na ɗora suyar ƙuli ya fita bayan ɗaki ya yi amai har ya durƙusa, dole na kwashe kaskona na koma gidan maƙwabciya. Da Talata ta zo Lawali ya yi gaisuwarsa, Malam ya ce da sauƙi. Na buɗe baki, Malam ya dube ni, irin kallon da shekara ashirin da shida suka koya mini fassararsa. Na rufe. Lawali ya ƙara da cewa, "Ba amai, ba zawo, ba komi dai ko, Baba?" Tambaya ce da ta zo da amsarta a baki. Malam ya ce ba komi.

A hanya na tayar masa da rigima.

"Malam, don mi ba ka hwaɗa musu ba ka cin abinci?"

"Yaro ya gaishe ni, sai in kwance mishi cikina gaban baƙuwar mace? Yaron da an ka haihwa gabana?"

"Ai ba gaisuwa ba ce, rubutawa shikai."

"Ke Barira, wanda duk ya tashi da ƙahwahunshi ya ce ba sauƙi, ya yi ma Allah butulci."

Ni ma haka aka tarbiyyantar da ni. Tun ina goye nake jin mai ciwo yana cewa da sauƙi, ko da numfashinsa na ƙarshe ne. Ba ƙarya ba ce a wurinmu, ladabi ne, kuma mai tambayar ya sani. Idan yana son gaskiya sai ya matso ya dubi idon majinyaci, ko ya ja matar gida gefe. Abin da ban lissafa ba shi ne, a ɗakin nan maganar ba ta tsaya tsakanin Bahaushe da Bahaushe ba. Tana shiga waya ta tafi ƙasar da ba su san mu ba.

Mako na huɗu fitsarinsa ya koma kamar shayin da ya kwana a buta. Ni na gani, don ni ke zubarwa. Ga ƙaiƙayi. Ya sami totuwar masara yana gurzar ƙafafu da baya har jini ya tsattsafo. Ranar Talatar aka sake ɗibar jininsa, aka ce za a kai shi nesa a duba. Na ce a raina to madalla, abin da baki ya ƙi faɗa jini zai faɗa. Ya sa doguwar riga ta rufe sushe-sushen, ya ce da sauƙi, aka ce sa ba miye, muka karɓi kwali da jika ɗaya muka fito.

A wannan makon ne yayarsa, Yaya Indo, ta zo daga Safo duba shi. Mace ce mai son ƙanenta, ba zan ci amanarta ba, amma duk maganar da ta ji a bakin rijiya aya ce a wurinta. Na gaya mata ina so in faɗa wa ƴan proje halin da ake ciki. Ta kama haɓa.

"Kul! Kar ki soma. Wani mutumen garin Sarkin Yamma ya ce musu shina jin jiri, nan take sun ka amshe kwalin, sun ka shahe sunanshi. Yanzu ga shi can kwance, tansiyo ya hau mishi ka. So kike ƙanena shi koma kamar Baba?"

Ban san mutumin ba, har yau ban san ko an yi shi ba. Amma ta ambaci tsohon, sai na ga tabarmar da na shekara biyu ina wankewa. Maganarta ta zauna mini a ƙirji.

Mako na biyar idonsa ya yi rawaya. Da farko sai a rana ake gani, daga baya ko a ɗaki. Yaya Indo ta ce shawara ce, ciwon gari, ba ruwanta da maganin Nasara. Ta aiko da sassaƙe da saiwoyi daga wani mai magani na garinsu, na dala ɗari biyu, wato jika ɗaya, aka ce a dafa a tukunyar ƙasa ya sha safe da yamma. Na dafa, na ba shi da hannuna. Ya riƙa haɗiyar ƙwayar proje da asuba, ya bi ta da ruwan sassaƙe da hantsi. A amalankensa na kai shi ranar Talata, shi a kwance a baya, ni ina kora jakin, mutane suna kallo. Duk fatana Madam ta ɗaga kai ta ga idon nan. Muka tarar ta yi tafiya, wai taro aka kira su a babban birni na mako biyu. Sai Lawali da wata yarinya mai miƙa kwali ta taga. Malam ya tsaya a inuwa, hula ta sauko har gira, ya amsa gaisuwa yadda ya saba. Lawali bai ɗaga kai daga wayarsa ba.

Yanzu na zo wurin nawa laifin.

Talata ta shida Malam bai iya tashi ba. Na ɗauki katinsa na tafi ni kaɗai. Tun daga gida nake shirya magana, na jera ta tsaf: amai, fitsari, ƙaiƙayi, ido, ciki da ya fara tasowa. Na ce yau sai Lawali ya ji abin da mai awon gyaɗa yake ji. Na isa, benci cike da mutane, rabinsu na sani. Lawali ya hango ni ya taso da fara'a.

"A'a, Inna, ke ce da kanki? Ina kwana? Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji bakina. Ban aike shi ba, shi ya tafi da kansa, kamar yadda hannu ke kai loma.

Yatsansa ya riga ya sauka a kan waya. Na yi maza na rage murya na ce, "Sai dai ba shi cin abinci, kuma idonshi ya sake."

Ya tsaya. Ya dubi benci, ya dube ni. Na ga ya gane, wallahi na gani a fuskarsa.

"Inna, in na rubuta haka, wata doguwar takarda ce za ta buɗe, kuma dole in riƙe maganin har Madam ta dawo. Doka ma ta hana in ba ki kwali in ba shi ya zo da kanshi ba, alfarma ce zan yi miki don ke ce. To, in rubuta?"

Ya bar mini zaɓi, a tsaye, gaban jama'a. Na tuna mutumin Sarkin Yamma. Na tuna an ce kada ya koma tsohuwar ƙwaya, ke nan mako guda ba magani ko ɗaya. Na tuna tsohon a tabarma.

Na ce, "Bar shi. Madam ta dawo tukuna."

Ya miƙo kwali, ya miƙo jika ɗaya. Na karɓa, na sa masa albarka. Na ce Allah ya raya masa zuri'a. Wannan albarkar ita ce take hana ni barci har yau. Na kawo kwalin gida, kullum da asuba na ɗaga kan mijina na sa masa ƙwaya a baki na ba shi ruwa.

Ranar Alhamis cikinsa ya yi tsiri kamar na mai wata bakwai, ƙafafu suka kumbura. Ranar Juma'a da safe ya dube ni ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. Yana ta cewa a kwance jaki, alhali jakin yana turke. Maƙwabcinmu ya taimaka muka ɗora shi a amalanke muka nufi gida mai shuɗiyar ƙofa. A kulle. Mai gadi, wani dattijo, ya ce ba kowa sai Talata. Ya kawo mana ruwa a moɗa, ya cire rawaninsa ya yi wa Malam matashi, Allah ya saka masa. Akwai lambar waya a bayan kati, maƙwabcin ya buga. Wata mace ta yi ta zuba Faransanci ba ta ko numfashi, ashe na'ura ce.

Muka yi shatar mota zuwa Maraɗi, jika shida, muka shiga wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Layin karɓar tikiti daban, layin ganin likita daban, kuma kowane layi sai ka bar majinyacinka a ƙasa ka je ka tsaya. Tun hantsi muke nan har aka sauko daga masallaci. Na shimfiɗa masa zanena a baranda, ƙudaje suna bin bakinsa, masu wucewa suna tsallake ƙafarsa. Sai bayan la'asar wani majo, wato babban ma'aikacin jinya, tsoho mai farin gemu da tabarau, ya tsaya a kanmu.

"Baiwar Allah, yaya jikin nashi?"

Kun san abin da na ce? Mijina a kwance a ƙasa bai san inda yake ba, na ce da sauƙi.

Majo ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"To, wannan gaisuwa ce, na amsa. Yanzu tambaya nike, ɗiyata. Hwaɗa mani abin da idonki ya gani tun daga ranar hwarko, kar ki bar komi."

Nan na fashe da kuka. Mako shida ina jiran mutum ɗaya ya raba mini gaisuwa da tambaya. Na zazzage masa komai, har sassaƙen. Ya ja fatar idon Malam, ya danna cikinsa, ya sa aka ba mu gado nan take. Ya ce in kawo maganin da yake sha. Na miƙa masa farin kwali. Ya juya shi gaba da baya, ba suna sai lamba. Ya ce su kansu ba su san abin da ke ciki ba, irin wannan gwajin a rufe ake yin sa, sai masu shi ne kawai za su iya faɗa. Da wayarsa da kuɗinsa ya yi ta bugawa har ya sami wani mutum a babban birni ranar Asabar. Mutumin ya ce a daina ba shi ƙwayar, sauran bayani kuma sai Madam, tana hanya, za ta iso Litinin da yamma.

Likitan da ya zo zagaye ya yi magana ɗaya da ta zauna mini: "Hantar ta daina aiki." Aka rubuto ordinansi, wato takardar magani, na sayo, aka rubuto wata. Ƙarin ruwa leda bayan leda, allurai, awon jini. Gyaɗar da na tara ta sana'a ta tafi ranar Asabar. Ranar Lahadi na aika maƙwabcinmu ya sayar da jakin. Shekara bakwai yana ciyar da mu, dillalai suka ji ana jinya suka taya shi kamar mushe.

Litinin da hantsi Malam ya farfaɗo. Ya gane ni, ya nemi ruwa. Na yi murna, ban san na bankwana ba ne. Yaya Indo ta iso daga Safo, ta sunkuya a kansa tana hawaye.

"Ƙanena, yaya jikin?"

Ya motsa leɓe da ƙyar ya ce, "Da sauƙi, Yaya."

Bai ƙara wata magana ba a duniya, sai kalmar shahada da majo ya yi ta maimaita masa a kunne. Kafin azahar ya cika. Saura kwana ɗaya Talata.

Kwana tara da rasuwar, an naɗe tabarmin zaman makoki, sai ga farar mota a ƙofar gida. Madam ce da Lawali, da buhun shinkafa da kwalin sukari. Ba zan rage mata hakkinta ba: ta cire takalmi, ta zauna a tabarmata, ta riƙe hannuna, idonta ya yi ja. Lawali ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki yana fassara. Ta ce jinin da aka ɗiba a mako na huɗu ya nuna hantar ta fara ciwo, amma tara jinin ake yi a aika gaba ɗaya, sakamakon bai dawo ba sai bayan an binne shi. Ta ce da an faɗa musu ko sau ɗaya, da sun tsayar da maganin, sun kai shi asibiti da motarsu, kuma duk abin da aka kashe su za su biya. Ta tambaya ko ya sha wani abu ban da nasu. Na ce sassaƙe. Lawali ya dangwala wannan da sauri, kuma na lura dangwalawar ta yi tsawo. Suka nemi ragowar kwalin, suka zazzage ƙwayoyin a kan faifai suka ƙirga.

Sai Madam ta karɓi wayar ta juyo mini da fuskarta. Layi shida, kowane da alama a gida ɗaya. Ta yi magana a hankali, Lawali ya fassara yana kallon ƙasa.

"Ta ce, Inna, sau shida ana tambaya, sau shida ana cewa jiki ya yi sauƙi. Ta ce don mi ba ku hwaɗa ba?"

A nan bakina ya dawo, bayan ya gama kashe mini miji.

"Lawali, ɗago ka dube ni. Shekara ukku da sun ka wuce, da uwarka Hassu tana kwance cikin unguwar ga, wa ya kai mata kunun tsamiya ranar Laraba?"

"Ke ce, Inna."

"Kana zaune bakin gado. Na ce mata yaya jiki. Mi ta ce mani?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Na ce ina jira.

"Ta ce da sauƙi."

"Kwana nawa ta ƙara?"

"Biyu."

"To ita wagga baƙuwa ce, ba ta sani ba. Ni kuma na yi nawa laihi, da shi za ni kabari. Amma kai, da ka sha nonon Hassu, kai ne ba ka san abin da da sauƙi take nuhi ba? Juya ka hwaɗa mata. Hwaɗa mata yadda na hwaɗa, da sunan uwarka a ciki."

Madam tana kallon bakina tana kallon nasa. Ta tambaye shi abin da na ce. Ya share gumi, ya gyara tsuguno, ya yi mata magana gajeriya, wadda ba ta kai rabin tawa ba. Ban ji sunan Hassu a ciki ba. Faransanci ba na ji, amma akwai kalmomi uku da na sani, waɗanda na taɓa yi wa mijina wasa da su a kan kwanon fura. Su na ji a ƙarshen maganarsa, sarai.

Sa ba miye.

Madam ta sauke ajiyar zuciya. Ta matse hannuna, ta yi mini murmushin tausayi, ta gyaɗa kai irin na ranar farko. Suka tashi, suka sa takalmi, suka tafi da kwalinsu.

Ban ce maganin nan guba ne ga kowa ba. Maƙwabciyar da nake suya a gidanta tana shan sa har yau, garau take. Ban sani ba ko ƙwayar ce ta cinye hantar Malam, ko sassaƙen, ko su biyun suka haɗu, kuma na san abin da aka rubuta a waya ba zai zama ƙwayar ba. Gida mai shuɗiyar ƙofa yana nan. Talatar da ta wuce na bi ta wurin da tallan ƙuli, benci a cike, na jiyo wani tsoho ta taga yana amsa gaisuwa.

Don haka ku da ke zuwa can, da ku da za a yi wa shela gobe: ku je in kuna so, amma duk wanda ya ce muku yaya jiki yana riƙe da abin rubutu, ba gaishe ku yake yi ba. Ku faɗi aman, ku faɗi launin fitsarin, ku buɗe rigar ku nuna, ko gaban wa. In an ce za a karɓe kwalin, ku miƙa da hannu biyu. Kuma ku sa tafinta ya maimaita muku da Hausa abin da ya faɗa wa likita.

Na rubuta wannan da hannuna don kada kowa ya tsaya tsakanina da mai karatu. Wanda kuma yake son sanin yadda nake tun bayan Malam, ba sai ya aiko a gaishe ni ba. Babu sauƙi.